Yadda Ake Neman Sukurun da Ya Dace da Kayan Gyara na Roba da Aka Buga a 3D

Tsohuwar rediyo, keken ɗinki, fanka, kyamara da mota, ciwonsu ɗaya ne idan shekaru suka ja. Ƙarfensu yana nan daram, amma robar jikinsu ta bushe, ta tsattsage, ta fara karyewa. Marfin batir ya ɓace, maɓallin murɗa tasha ya rabe biyu, hannun ɗauka ya tsinke daga tushe, kamfanin kuwa ya daina yin kayan tun tuni. Na'urar buga kaya ta 3D ta kawo sauƙi a nan. Mutum zai auna abin da ya karye, ya zana shi a kwamfuta, na'ura ta narka igiyar roba ta gina shi hawa-hawa har ya fito. Sai an zo ɗaurawa aiki yake tsayawa cik, saboda sukuru huɗu da babu su a aljihu, babu su a shagon unguwa.

Yawancin masu wannan aiki sai sun gama bugawa suke tunawa da sukuru, kuma nan ne asarar take farawa. Sabuwar roba taka ce, kana iya canza zanenta sau goma, ka sake bugawa da kuɗi kaɗan. Tsohon injin kuwa guda ɗaya ne, idan ka cinye zaren raminsa da sukurun da ba nasa ba, ka yi ɓarnar da ta fi wadda ka zo gyarawa. Don haka tsarin aikin shi ne: a fara gane sukuru, a san sunansa, a same shi a hannu, sa'annan a zana roba ta bi shi.

Ina sukurun zai kama?

Kafin ka auna komai, duba inda zaren sukurun zai ciza, domin amsar ce za ta nuna maka irin neman da za ka yi.

Idan zai shiga ramin ƙarfe mai zare a jikin tsohon injin, ba ka da zaɓi. Dole kauri da tazarar zare su zo daidai da na asali.

Idan zai shiga tsohuwar roba, wato irin ɗan ginshiƙin nan mai rami a tsakiya da ake gani a cikin akwatin rediyo, to sukurun asali ya riga ya yanka hanyarsa a ciki. Kana bukatar irinsa, ko wanda ya fi kusa da shi.

Idan kuwa zai kama ne a cikin sabuwar robar da ka buga, wuƙa da nama suna hannunka. Ka zaɓi sukurun da ya fi sauƙin samu a garinku, ka zana ramin a kansa. Duk inda kake da wannan dama, ka yi amfani da ita, domin sukurorin awon mita irin M3 da M4 ba sa wuyar samu a ko'ina.

Awo biyar da ke ba sukuru suna

Kayan awon ba su da yawa: baniya mai nuna kashi ɗaya cikin goma na milimita ko fiye, ma'aunin tazarar zare mai ganyayyaki masu haƙora, gilashin ƙara girma, da 'yan notuka waɗanda ka tabbatar da girmansu.

Na farko shi ne kauri. Ka auna a kan zaren, ba a wuyan sukuru ba. Kullum awon yana ɗan gaza sunan: M3 yakan nuna wajen milimita 2.9, M4 wajen 3.9.

Na biyu shi ne tazarar zare, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa. Ka gwada ganyen ma'auni a jikin sukuru, ka ɗaga su wajen haske. Idan haske bai ratsa tsakanin haƙora da zare ba, ka dace. Idan ba ka da ma'aunin, ka auna daga tudun zare na farko zuwa na goma sha ɗaya, ka raba da goma. Milimita 5 na nufin tazarar 0.5, milimita 7 na nufin 0.7. Tazarar da aka saba gani a sukurun awon mita ita ce: M2 yana da 0.4, M2.5 yana da 0.45, M3 yana da 0.5, M3.5 yana da 0.6, M4 yana da 0.7, M5 yana da 0.8, M6 yana da 1.0. Sukurun awon inci kuwa yawan zare a inci ɗaya ake ƙirgawa, don haka sai ka raba 25.4 da tazarar da ka samu. Idan ka ga 0.79, zare 32 ne a inci.

Na uku shi ne tsawo. Sukuru mai kai da ke zama a saman abu, daga ƙarƙashin kai ake auna shi zuwa ƙarshe. Mai kai da ke nutsewa ya yi daidai da fuskar abu, har da kan ake aunawa. Rashin sanin wannan ne ke sa mutum ya yi oda ta zo da ragin milimita biyu.

Na huɗu shi ne siffar kai: mai tudu, mai faɗi, mai nutsewa, ko dogo mai ramin alanki. Mai nutsewa na awon mita kusurwarsa digiri 90 ce, na Amurka kuwa yawanci digiri 82. Idan ka zana rami da kusurwa ɗaya ka sa sukuru mai ɗayar, gefen kai kaɗai zai taɓa roba, nan kuma za ta tsage.

Na biyar shi ne bakin sukundireba. Abin da muke kira sita ba iri ɗaya ba ne. Akwai Phillips. Akwai Pozidriv, wanda za ka gane shi da ƙananan layuka huɗu a tsakanin manyan tsaguna. Akwai kuma na Japan mai bin ƙa'idar JIS, wanda ya cika tsofaffin rediyoyi, kyamarori da babura na Japan. Sukundireban Phillips ba ya zama sosai a cikin na JIS, yana tsalle yana cinye kan. Wanda ke yawan buɗe kayan Japan ya nemi sukundireban JIS ko guda biyu ne, zai ceci sukurori da yawa. Ban da waɗannan akwai Torx mai tsini shida, wanda ya fito a 1967, da mai fiffike uku da Nintendo ta sa a Game Boy, da mai kunne biyar na iPhone.

Idan babu ko sukuru ɗaya da ya rage, ramin ne zai ba ka labari. Ka ɗauki bakunan dirili, ka riƙa zura gindinsu mai santsi a hankali har ka sami wanda ya shiga ba tare da wasa ba. Idan 2.5 ne, mai yiwuwa M3 ne. Idan 3.3 ne, M4. Idan 4.2 ne, M5. Daga nan ka fere ɗan itace mai taushi ya ɗan fi ramin kauri, ka murɗa shi ciki, ka warware. Zaren zai bar sawu a jikinsa, sai ka auna tazarar. Zurfin rami kuma tsinken sakace ya isa ya nuna maka.

Ƙasar da aka ƙera abu da shekarar da aka yi shi

Tambarin da ke bayan inji yana rage rabin wahala, domin kowace ƙasa da irin zaren da ta saba da shi a zamaninta.

Kayan Jamus, Faransa, Italiya da galibin Turai awon mita suke bi. Amma motocin Faransa na da suna da M7 mai tazarar 1.0, wanda sifana lamba 11 ke kamawa, kuma ba kowane shago ke ajiye shi ba. Mai gyaran Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, zai iya cin karo da shi. Idan M6 ya yi sako-sako, M8 kuma ya ƙi shiga, to M7 ne.

Kayan Ingila na kafin su koma awon mita, musamman rediyo, agogo da kayan lantarki, suna amfani da zaren BA. A wannan tsari lamba tana girma sukuru yana ƙanƙancewa: 2BA kaurinsa milimita 4.7, 4BA kuma 3.6, 6BA kuwa 2.8. Manyan injunansu zaren Whitworth suke bi, wanda Joseph Whitworth ya tsara a 1841, mai kusurwar digiri 55, alhali na mita da na Amurka digiri 60 ne.

Kayan Amurka suna zuwa da suna irin 4-40, 6-32, 8-32 da 10-32. Lambar farko girma ce, ta biyu yawan zare a inci. Ramin da ke ƙarƙashin kusan kowace kyamara, inda ake ɗaura ta a kan ƙafafu uku, kwatan inci ne mai zare 20.

Japan tana da wani tarko. Kafin wajen 1967, M3 nasu tazarar 0.6 yake da ita, M4 yana da 0.75, M5 yana da 0.9. Daga baya suka koma tsarin duniya, suka riƙa sa ɗan ɗigo a kan sukuru don a bambanta sabo da tsoho. Saboda haka M4 na yau zai iya ƙin shiga tsohon babur ko tsohuwar rediyon Japan, ko da kaurin ya yi daidai.

Keken ɗinki duniya ce ta daban. Singer ta yi amfani da zaren kanta a tsofaffin kekunanta, kuma kekunan masana'antu irin na Juki har yau suna da sukurori irin 9/64-40 da 11/64-40. Waɗannan a wurin masu sayar da kayan keken ɗinki ake samunsu, ba a shagon noti ba.

Hatsarin yana wurin masu kama da juna. 6-32, M3.5 da 4BA duk kaurinsu wajen milimita 3.5 ne, amma tazararsu 0.79 ce, da 0.6, da 0.66. 4-40, 6BA da M3 ma ido ba ya raba su. Ƙa'idar gwaji ɗaya ce: da yatsu ake fara murɗawa. Sukurun da ya dace yana tafiya salin-alin har ƙarshe. Wanda ya yi zagaye biyu ya cije, ba nasa ba ne. Kada ka ɗauko sukundireba ka tilasta masa.

Sukurun roba daban yake

Ka ciro sukuru daga akwatin tsohuwar rediyo ka ajiye shi kusa da M3, ka duba da gilashi. Na rediyon zarensa a warware yake, tudunsa dogo ne kuma siriri, kwarin da ke tsakani yana da faɗi. An yi shi ne don ya ture roba gefe ya buɗa wa kansa hanya, ya bar nama mai kauri tsakanin zare da zare. M3 kuwa zarensa a matse yake kuma gajere, a roba abin da yake kamawa kaɗan ne, shi ya sa yake saurin zarcewa.

Sunayen da za ka nema su ne PT, wanda kamfanin EJOT na Jamus ya fitar, mai kusurwar zare digiri 30, da Plastite, wanda jikinsa ba da'ira sosai ba ne, yana da kusurwa uku masu laushi, da Hi-Lo mai zare biyu, dogo da gajere. A kasuwa ana rubuta girman PT da K ko KA: K30 na nufin kaurin milimita 3, K40 na nufin 4.

Akwai kuma sukurun kwano mai tsini, wanda ake rubutawa ST2.9, ST3.5 ko ST4.2. Shi ya fi yawa a kasuwanninmu, kuma a dashbod da ƙofofin tsofaffin motoci shi ake yawan gani, yana shiga wani ɗan ƙarfe mai maƙalewa a bakin rami. A sabuwar roba mai kauri yana iya aiki, amma zarensa ya fi na PT faɗi, yana bankare rami da ƙarfi. A tsohuwar roba da ta bushe yana iya fasa ginshiƙi daga sama har ƙasa. Sukurun katako da na silin kuwa a bar su ga kafinta.

Idan zaren zai kasance a cikin robar da ka buga

A nan hanyoyi huɗu ne, kuma yawan buɗewa da rufewa ne ke zaɓa maka.

Hanya ta farko ita ce sukurun roba kai tsaye. Ta dace da abin da za a ɗaure sau ɗaya ko sau kaɗan. Ramin ya zama kamar kashi 80 cikin 100 na kaurin sukuru, wato wajen 2.4 zuwa 2.5 ga K30. Faɗin ginshiƙi ya kai ninki biyu na kaurin sukuru ko fiye, zurfin kamawa ma ninki biyu. Ka ƙara yawan bangon da na'ura ke zagayawa zuwa huɗu ko shida, domin idan bango biyu ne kawai, sukuru zai ratsa shi ya faɗa cikin saƙar da babu komai.

Ta biyu ita ce noti a aljihu. Ka zana gurbi mai kusurwa shida inda noti zai zauna ba ya juyawa. Notin M3 faɗinsa 5.5 ne, kaurinsa 2.4, na M4 faɗinsa 7 ne, kaurinsa 3.2. Ka ƙara wa gurbin kamar 0.2. Noti mai kusurwa huɗu ya fi ƙin juyawa a roba. Wannan hanya ba ta bukatar komai sai abin da ke kowane shago, kuma tana da ƙarfi sosai.

Ta uku ita ce zoben tagulla mai zare a ciki, wanda ake nutsarwa da zafi. Ita ce ta fi dacewa da marfin da za a riƙa buɗewa. Wanda aka fi samu na M3 tsawonsa 5.7 ne, yana son rami mai faɗin 4.0, amma ka auna naka kafin ka zana, kuma ramin ya fi zoben zurfi da milimita ɗaya don narkakkiyar roba ta sami wurin zuwa. Ka sa ƙarfen narka dalma a zafin da ya yi kusa da wanda aka buga robar da shi. Ka ɗora zoben a bakin rami, ƙaramin gefensa a ƙasa, ka ɗora bakin ƙarfen a kansa ba tare da dannawa ba. Bayan 'yan daƙiƙu za ka ga gefen ramin ya yi sheƙi, zoben ya fara sauka da kansa. Idan ya rage kaɗan ya shige, ka janye ƙarfen, ka danna shi da wani ƙarfe mai faɗi kuma mai sanyi har ya yi daidai da fuskar roba, ka riƙe shi ya huce. Wajen saye ka lura: mai zane a karkace ta fuskoki biyu, da ɗan siririn baki, shi ne na zafi. Mai zane a miƙe an yi shi ne don masana'anta, yana saurin zarewa. Abin da aka buga da ruwan rezin kuwa ba ya narkewa, sai dai a manna zoben da gam mai haɗi biyu.

Ta huɗu ita ce yanka zare da taf a cikin robar. Tana yi daga M4 zuwa sama idan nauyin ba shi da yawa. Buga zaren kai tsaye da na'ura kuwa sai ya kai kamar M8 yake fita da kyau.

Ko wacce hanya ka bi, abu biyu ba sa canzawa. Ramin da na'ura ta buga yakan fito ƙasa da yadda aka zana, don haka ka bi shi da bakin dirili. Ramin da sukuru zai wuce ta ciki kawai ya zama 3.4 ga M3, 4.5 ga M4, 5.5 ga M5. Sa'annan robar da aka buga ta fi rauni a tsakanin hawa da hawa. Sukurun da ya shiga ta gefe, a layi ɗaya da hawan, yana iya tsaga ta kamar yadda gatari ke bin jijiyar itace. Ka juya abin a kan farantin na'ura yadda sukuru zai sauka ta sama ya ratsa hawa-hawan. Kafin ka buga babban abu na awa goma, ka buga ɗan guntu mai ramuka biyar masu bambancin 0.1, ka gwada sukurunka a ciki.

Inda ake samu

Wuri na farko shi ne gawar irin injin. Da tsohuwar zuma ake magani: rediyon da ta mutu murus tana ɗauke da duk sukurorin da 'yar'uwarta ke bukata, da launinsu da tsufansu. Masu gyaran rediyo da talabijin kowanne yana da gwangwanin sukuru a ƙarƙashin tebur. 'Yan gwangwan da 'yan jari-bola suna samun tsofaffin injuna kullum, kuma da nauyi suke sayarwa. Panteka a Kaduna, Ƙofar Ruwa da Sabon Gari a Kano, Ladipo da Alaba a Legas, duk wurare ne da mai haƙuri ke dacewa.

Na biyu shi ne sanin wace sana'a ke amfani da wane girma. Masu gyaran tabarau da agogo suna da M1.2 da M1.4. Masu gyaran waya, irin na Farm Centre a Kano, suna da ƙanana masu kawuna iri-iri. Masu gyaran kwamfuta suna da M2 da M2.5 daga laftof, da M3 da 6-32 daga manyan akwatuna. Matacciyar firinta ko injin fotokwafi cike suke da M3 da sukurun roba masu kyau. M3.5 kuwa shi ne sukurun da ke riƙe fuskar soket da makunnin wuta a bango irin na Ingila da muke amfani da shi, don haka yana wurin masu kayan wayarin.

Idan za ka kasuwa, ka tafi da samfur a leda, da notin da ya hau shi, da baniyarka. Idan abin ƙarami ne, ka tafi da shi gaba ɗaya. Mai shago zai ce maka, «Alhaji, ai wannan zai yi.» Ka amsa da fara'a, amma ka gwada a gabansa da yatsu.

Na uku shi ne oda ta intanet. A nan suna ne ke aiki, kuma lambar ƙa'ida ta fi dogon bayani. DIN 912 shi ne dogon kai mai ramin alanki. ISO 7380 mai kai kamar maɓalli. DIN 7991 mai nutsewa na alanki. DIN 7985 mai tudu na sita, DIN 965 mai nutsewa na sita, DIN 84 mai tsaga ɗaya irin na da. DIN 7981 sukurun kwano ne. DIN 934 noti, DIN 562 noti mai kusurwa huɗu, DIN 985 noti mai zoben nailan, DIN 125 washa. DIN 916 shi ne marar kai da ke riƙe maɓallin rediyo a kan sandarsa. Cikakken suna yana tafiya haka: M3 x 10, DIN 7985, A2. Wannan A2 ƙarfe ne marar tsatsa, A4 ya fi shi jure gishiri. Baƙin sukuru yana da kyan gani, amma damina ɗaya ta isa ta sa shi tsatsa idan ba a shafa masa mai ba. Shafin McMaster-Carr na Amurka yana da zanen kusan kowane sukuru da awonsa, kana iya sauke siffar ka sa a zanenka ko da ba a wurinsu za ka saya ba. RS da Accu na Ingila suna sayarwa da cikakken bayani, AliExpress kuma yana da araha, sai dai ka auna abin da ya iso kafin ka amince. BA da Whitworth ana samunsu wurin masu sayar wa masu ƙera ƙananan injuna da masu gyaran tsofaffin motoci a Ingila. Tunda kuɗin aikowa ya fi kuɗin kaya, ka haɗa oda da abokan sana'a, ka kuma sayi fiye da bukatarka.

Idan an nema an rasa

Dogon sukuru ana rage shi. Ka fara murɗa noti ya wuce inda za ka yanke, ka yanke da zarton ƙarfe, ka goge bakin da magagari, sa'annan ka warware notin ya gyara zaren a hanyarsa ta fita. Idan tsawon da ka samu ya wuce da kaɗan kuma ba ka son yanka, ka ƙara kaurin robar a zane. Idan kan ya fi na asali girma, ka faɗaɗa gurbinsa. Mai injin sassaƙa ƙarfe yana iya yanka maka sukuru guda idan ka kai masa samfur ko cikakken awo. Sake huda ramin tsohon inji a yanka masa sabon zare shi ne mataki na ƙarshe, domin ba a komawa baya, kuma yana rage darajar abin tarihi. Tsohon ginshiƙin roba da ya tsage kuwa, kana iya buga masa zobe ka zura a kansa da gam, ya riƙe shi kada tsagar ta ƙaru.

Ɗaurawa

Da hannu ake ɗaure roba, a ajiye dirili gefe. Idan sukuru zai koma ramin roba da ya taɓa shiga, ka fara juya shi baya a hankali kana ɗan dannawa. Za ka ji wani ɗan ƙas a yatsunka, alamar ya faɗa tsohuwar hanyarsa, sai ka juya gaba. In ba haka ba zai yanka sabuwar hanya a kan tsohuwa, bayan sau biyu ko uku ramin ya zarce. Da kai ya taɓa roba, ka ƙara kwatan zagaye ka tsaya. Ka sa washa a ƙarƙashin kai, kuma inda ido ba ya gani ka fifita kai mai faɗi a kan mai nutsewa. A ramin da ba ya ɓullewa, sukuru ya gaza zurfin da milimita ɗaya ko biyu.

Ruwan kulle zare irin na Loctite da makanikai ke ɗigawa a noti yana sa ABS da wasu robobi su tsattsage. Ka yi amfani da noti mai zoben nailan a maimakonsa.

Zafin ƙasarmu ma yana cikin lissafi. Robar PLA tana fara laushi a wajen digiri 60, kuma motar da aka rufe a rana a watan Afrilu tana iya kaiwa haka. Roba ta saki, sukuru ya yi sako-sako ko da ya dace. PETG tana kaiwa wajen digiri 80, ABS da ASA wajen 100, ASA kuma ta fi jure hasken rana. Kowace roba tana ɗan lotsawa a ƙarƙashin matsi, don haka ka sake duba ɗaurin bayan mako guda. Inda ake bukatar matsi sosai, ka sa ɗan bututun ƙarfe a cikin ramin ya ɗauki nauyin.

A kayan lantarki, sukurun da ya yi tsawo yana iya taɓa waya ko allon wuta, ya mai da akwati gaba ɗaya abin kisa. Ka cire filogi, ka kuma sani cewa tsofaffin talabijin da rediyo masu kwalba suna riƙe wuta bayan an kashe su. Birki, sitiyari, bel ɗin kujera da duk abin da rai ya rataya a kansa, ba wurin robar da aka buga ba ne.

Idan ka gama, ka rubuta abin da ka gano: sunan inji da lambarsa, wurin kowane sukuru, girmansa, faɗin ramin da ya yi maka daidai a na'urarka, da inda ka saya. Ka ajiye takardar tare da fayil ɗin zanen, idan kuma za ka ba wani fayil ɗin, ka ba shi da ita. Tsofaffin sukurorin da ka cire, ko da sun yi tsatsa, ka zuba su a leda ka rubuta suna, domin su ne samfurin da za a auna a gyara na gaba.